Ina Lissafin Albasar Adar Yake Kwana?

Babbar mota ta tashi daga Tamaske maƙare da buhunan albasa, ta nufi Abijan. Tun kafin ta bar jihar Tawa, lissafinta ya rarrabu gida-gida. Yawan buhuna yana littafin dillali. Farashin da aka sallama yana cikin saƙon murya na WhatsApp a wayar mai kaya. Idan an turo kuɗin ta Nita ko Al Izza, shaidarsu 'yar takarda ce a aljihun yaron shago. Bashin manomin da ya karɓi iri da taki tun kafin dashe kuwa, sau da yawa Alhaji mai kaya kaɗai ya san shi, a ka.

Masu nazarin tsarin aiki, waɗanda ake kira kafin a girka wa kamfani manhaja, daga nan suke farawa. Kowane bayani sai sun bi sawunsa: a ina yake ajiye, wa ke rubuta shi, wa ke iya gyara shi, akwai kwafinsa a wani wuri? Amsoshin ne suke jerawa a takarda guda, kuma takardar na da amfani ko da ba a taɓa sayen kwamfuta ba.

A nan ne ake gano ramuka. Layin wayar da duk abokan ciniki suka sani, wataƙila da sunan yaron shago aka yi masa rajista. Ranar da ya tafi cirani, lambobin sun tafi tare da shi. Littafin bashi guda ɗaya tak, yana kwana a rumfar kasuwa, alhali 'yan kasuwar Nijar ba su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982 ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ranar rabon gado, lokacin da magada za su zauna ba wanda ya san wa ake bi, wa ke bi.

Doka ma ta yi magana. Ƙa'idar lissafi ta ƙungiyar OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta wajabta ajiye littattafai da rasidai shekara 10. Tun 2017 kuma ƙasar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Sunaye da lambobin manoman Keita da Tabalak da ke wayar ɗan kasuwa na cikin irin bayanan da dokar ke nufi, kuma kwafin da wayar ke turawa Google ba a Nijar yake ajiye ba.