Sumunin Matar Mamaci da Lissafin Ɗan Makaranta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, idan kaka ta yi a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, aka ɗaure gero aka kai rumbu, a nan ne akan ta da zancen gadon waɗanda suka rasu da damina. Sau da yawa husumar da ke tashi a zaure ba ta samo asali daga zalunci ba, daga rashin sanin hisabi take.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji guda. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya, dami 48 ya rage. Hukuncin da ke cikin Suratun Nisa'i shi ne mata tana da sumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, uwa da uba kowa yana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, saura kuwa na ɗa ne.

Sai malami ya ce asalin mas'alar 24 ne: mata 3, uwa 4, uba 4, ɗa 13. Nan take wani daga dangin matar zai ɗaga murya ya ce, an ce ɗaya cikin takwas, ina aka samo uku cikin ashirin da huɗu? Wani kuma ya ce, ai takwas ta fi shida, don me uwa za ta ɗara mata?

Amsar na farko tana cikin rumbu. A kasa dami 48 kashi takwas, kowane kashi dami 6 ne, matar ta ɗauki kashi guda. A sake kasawa kashi 24, kowane kashi dami 2 ne, ta ɗauki kashi uku, dami 6 ke nan. Suna ne ya sauya, rabo yana nan yadda yake. Amsar na biyu kuwa, gwargwadon yawan kashi, gwargwadon ƙanƙantarsa. Don haka uwa da uba kowa ya tashi da dami 8, ɗa da 26.

An zaɓi 24 ne domin ita ce ƙaramar ƙidayar da takwas da shida duka ke raba ta ba ragowa. Da ita sumuni da sudusi ke zama a ma'auni ɗaya har a gwada su.

Dattawan da suka ci kasuwa kafin zuwan naira a 1973 sun san wannan tun ba su san sunansa ba. Sisi rabin sule ne, taro biyu ma rabin sule ne, ahu huɗu ma haka, ba kuwa wanda ya taɓa yin rigima a kai.

Abin nan shi ne ɗan firamare ke rubutawa, 1/8 = 3/24 = 6/48. An gaya masa ya ninka na sama da na ƙasa da ƙidaya iri ɗaya. Hikimar ita ce, idan an tsaga kowane kashi gida uku, dole mai rabo ya karɓi tsagi uku a madadin guda. Yaron da ya haddace ka'idar bai ga dami ba, da wuya ya riƙe ta. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, masu shirin koyarwa, ya kamata su lura da haka.

Kada kuma a ce ilmin baƙo ne. Alhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya keɓe babban sashe na littafinsa na aljabara ga lissafin gado da wasiyya. Babin fara'ili na Risala kuwa har yau ana karanta shi a zauruka.

Saboda haka ya dace mai allo da mai boko su zauna tabarma ɗaya. Dami guda da ya kauce daga hannun marainiya ko matar mamaci, za a tambaye shi ranar hisabi. Allah Shi ne Mafi sani.