Jiƙon Kanwa da Ƙwannafi a Ƙasar Gure

A Gure, idan ƙwannafi ya taso wa mutum bayan ya cika ciki da ƙosai da yaji, ba kasafai ake tunanin kantin magani ba. Gutsuren kanwa ake jefawa a moɗa, a bari ya jiƙa, a kurɓa. Kafin a jima sai gyatsa ta zo, ƙirji ya yi sanyi.

Kanwar kuwa ta gida ce. A kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayin ƙasar Manga, ruwa kan janye da rani ya bar farin ɓawo a ƙasa, mutane su kankare su tara. Tun zamanin sarakunan Muniyo fatake ke loda ta a jakuna da raƙuma zuwa Damagaram da Kano.

Maganin ba camfi ba ne. Tumbi na fitar da ruwan asid mai ƙarfi don narka abinci. Idan ya hauro maƙoshi, shi ne zafin nan. Kanwa na ɗauke da irin sinadarin da ke cikin sodar yin burodi, wanda ke kashe kaifin asid nan take, iskar da haɗuwarsu ta haifar kuma ita ce gyatsar. A wannan fannin ta fi umeboshi, 'ya'yan itacen da mutanen Jafan ke jiƙawa a gishiri su shanya, musamman a yankin Wakayama, su ci don gyaran ciki. Shi tsami ne da gishiri, bai da abin kashe asid, sai dai ya tsinka yawu.

Inda suka yi tarayya shi ne gishiri, kuma nan ne matsalar. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ya mai da jiƙon kanwa abin kullum yana ƙara wa kansa lalura.

Sannan kanwa lallashi take yi kawai, ba ta taɓa tushen ciwon idan gyambon ciki ne. A 1982 Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Kanwa ba ta kashe ta. Maganin likita na mako ɗaya ko biyu ke yi. Wanda ƙwannafinsa ya ƙi tafiya, ko yana rama, ko bayan gidansa ya koma baƙi, awo yake bukata.