Sauya Jami'a Zuwa Wata Jiha a Amurka: Gaskiyar Zancen "Shekara Ɗaya"

Daga cikin maganganun da suka daɗe suna yawo a tsakanin iyalan Hausawa mazauna Amurka da kuma ɗaliban da ke zuwa can karatu daga Najeriya da Nijar da Gana, har wasu suka ɗauke su tamkar doka, akwai cewar duk ɗalibin da ya bar jami'arsa ya koma ta wata jiha, shekara ɗaya kacal zai biya kuɗin baƙo, daga nan sai a mayar da shi ɗan gida, kuɗin makaranta ya sauko da kansa. Wannan magana ta jefa gidaje cikin bashin da ba su shirya masa ba, ta kuma sa wasu ɗalibai sun ajiye karatu a tsakiyar hanya, alhali masu yaɗa ta ba su taɓa buɗe ƙa'idar ko da jami'a ɗaya sun karanta ba. Tunda alƙaluman shekarar karatu ta 2023/2024 sun nuna ɗaliban Najeriya kaɗai a Amurka sun haura 20,000, lamarin ya wuce a bar shi a hannun masu "an ce".

Kafin a shiga warware zancen, ya kamata a san cewa jami'o'in gwamnati a Amurka kusan dukkansu mallakar jihohi ne, kuma da harajin mutanen jiha ake tallafa musu, shi ya sa suke da farashi biyu, na ɗan jiha da na baƙo. Mai karatu daga Najeriya ya saba ganin irin wannan bambanci a jami'o'in jihohi, sai dai a can asalin iyaye da kakanni ake dubawa, a Amurka kuwa mazaunin dindindin ake dubawa, wato wurin da mutum ya kafa rayuwarsa da niyyar zama ba tare da ranar tashi ba. Tazarar farashin ba ƙarama ba ce, domin lissafin hukumar College Board na shekarar karatu ta 2024/2025 ya nuna matsakaicin kuɗin karatu a jami'ar gwamnati mai shekara huɗu dala 11,610 ne ga ɗan jiha, dala 30,780 kuma ga baƙo, ban da kuɗin kwana da abinci. Jami'o'i masu zaman kansu dai galibi farashi ɗaya suke yi wa kowa.

Zancen shekara ɗaya yana da tushe, kuma wannan tushen ne ya sa yake saurin shiga kunne. A shekarar 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin da ya ba Jami'ar Minisota damar sharɗanta zaman shekara guda kafin a lasafta ɗalibi ɗan jiha, sannan a 1973, a shari'ar Vlandis da Kline, ta hana jihar Konetikat ta ɗaure ɗalibi a matsayin baƙo har ƙarshen karatunsa ba tare da an ba shi damar kawo hujjar cewa ya zama mazauni ba. Abin da waɗannan hukunce-hukunce suka bai wa ɗalibi shi ne damar kawo hujja, ba su yi masa alkawarin za a karɓi hujjar ba, kuma kotun da kanta ta amince jiha tana da ikon tantance wanda ya zo zama na gaskiya daga wanda ya zo karatu kawai. Watanni goma sha biyun da ake ta ambata sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗa da yawa, kuma shi ne mafi sauƙinsu.

Sharaɗin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne na niyya. Ƙa'idar mafi yawan jihohi ita ce zaman da aka yi don neman ilimi ba ya kafa mazauni, komai tsawonsa, har wasu jihohin suka rubuta cewa wanda ya yi rajistar darussa fiye da wani ɗan adadi a cikin shekararsa ta farko za a ɗauka karatu ne ya kawo shi sai in ya tabbatar da akasin haka. Ma'anar wannan ita ce ɗalibin da ya sauya makaranta a watan Agusta, ya shiga aji cikakken lokaci, ya kwana a ɗakin kwanan ɗalibai, ya koma gidan iyayensa da hutu, shekarar da yake lissafawa a ransa ba ta ma fara ba a wurin hukumar jami'a. Lasisin tuƙi na sabuwar jiha da rajistar zaɓe da asusun banki suna taimakawa, amma jami'an da ke tantance waɗannan takardu sun san ana iya tara su cikin mako guda, saboda haka ba sa yanke hukunci a kansu su kaɗai.

Sai sharaɗin dogaro da kai, wanda masu jita-jitar ba sa ko ambatawa. A jihohi da dama mazaunin ɗalibin da iyayensa ke ɗaukar nauyinsa yana bin mazaunin iyayen ne, ko da shi yana nesa da su. Jami'ar Kalifoniya misali ce bayyananniya: tana neman zaman kwana 366 a jihar, da hujjar niyyar mayar da ita gida, sannan ɗalibin digirin farko da bai kai shekara 24 ba, wanda iyayensa ke wata jiha, dole ne ya nuna shi ke ciyar da kansa da abin da yake samu, abin da jami'ar da kanta take faɗa wa masu nema cewa yana da matuƙar wuya. Ƙarin kuɗin da take ɗora wa baƙo ya haura dala 30,000 a shekara, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga a matsayin baƙi a haka suke gamawa. Uban da ke aiko wa ɗansa kuɗin haya kowane wata, yana kuma rubuta shi cikin waɗanda yake ciyarwa a takardar harajinsa, da hannunsa yake rushe hujjar yaron ba tare da ya sani ba.

Ga ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ta F-1 kuwa, zancen ya mutu tun daga tushe, domin sharaɗin wannan biza shi ne mai ita yana da gida a ƙasarsa wanda ba ya da niyyar rabuwa da shi, kuma wanda ya faɗi haka a ofishin jakadanci ba zai juyo ya ce wa jami'a ya zo zaman dindindin a Teksas ko Jojiya ba. Irin wannan ɗalibi kuɗin baƙo zai biya a kowace jiha, sai dai in wata doka ta musamman ta yafe masa, kamar dokar jihar Teksas da ta ba jami'o'inta damar karɓar kuɗin ɗan jiha daga baƙon da ya ci gasar tallafin karatu na aƙalla dala 1,000, kuma ko wannan ɗin yana da iyakar adadi. Gaskiya ne akwai jihohi masu sassauci, irin su Yuta, inda ɗan ƙasa zai iya neman sauya matsayi bayan shekara, amma can ma sai ya cika takarda, ya nuna bai daɗe a wajen jihar ba, kuma ba a rubuta shi a harajin wani mazaunin wata jiha ba. Ɗaukar hukuncin jiha ɗaya a shimfiɗa shi a kan jihohi hamsin ganganci ne.

Abin da ya fi wannan muni shi ne dabarar aron adireshi, inda ake rubuta gidan kawu ko na gwaggo a takardar neman shiga domin yaro ya bayyana ɗan jiha, ana kuma kiran abin da sunan zumunci. Sunansa na gaskiya ƙarya da ha'inci, domin takardar da ake sa wa hannu tana ɗauke da shaidar cewa abin da aka rubuta gaskiya ne, kuma idan asiri ya tonu jami'a tana da ikon neman bambancin kuɗin duk zangunan da suka wuce, ta kuma hukunta ɗalibin har da kora. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma babban da ya zaunar da yaro ya koya masa cika takardar bogi a farkon rayuwarsa ya ba shi tarbiyyar da ta fi bashin kuɗin makaranta illa.

Bayan kuɗi, asara ta biyu tana faruwa ne a kan kiredit, wato ma'aunin da ake lissafa nauyin kowane darasi da shi, wanda digirin farko yake buƙatar kimanin 120 daga cikinsa. Sabuwar jami'a ce kaɗai ke da ikon cewa ta karɓi wanne ta ƙi wanne, kuma rahoton da ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun rasa kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Yarjejeniyoyin da ke kare ɗalibi, irin tsarin jihar Filorida mai ba darussa lamba iri ɗaya a duk makarantun gwamnatinta, galibi a bakin iyakar jiha suke tsayawa. Haka nan tallafin jiha, irin HOPE na Jojiya da Bright Futures na Filorida, galibi ba ya bin ɗalibi zuwa wata jiha. Akwai kuma kaɗaici da canjin yanayi da tsadar zirga-zirga, waɗanda kowa ya san da su.

Duk da haka sauya jami'a ba laifi ba ne, wani lokaci ma shi ne daidai, musamman ga wanda fannin da yake so babu shi a jiharsa, ko wanda iyalinsa suka tashi gaba ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne a bi matakai a kan tsari. Mataki na farko shi ne ɗalibi ya nemi ofishin da ke tantance mazauni a jami'ar da yake so, ya karanta ƙa'idarsu da kansa, ya rubuta musu halin da yake ciki dalla-dalla, wato shekarunsa da inda iyayensa suke da wanda ke biyan kuɗinsa da irin takardar zamansa, ya kuma ajiye amsarsu a rubuce, domin maganar baki ta ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai ba ta ɗaure jami'a. Daga nan sai a yi kasafi a kan cewa kuɗin baƙo za a biya har ranar kammalawa, idan kasafin bai tsaya da ƙafarsa a haka ba, to tafiyar ba ta yi ba tukuna.

Mataki na biyu shi ne neman rangwamen da doka ta tanada. Jihohin yammacin ƙasar suna da shirin WUE, wanda ke ba mazaunin ɗayarsu damar karatu a wata da kuɗin da bai wuce kashi 150 cikin 100 na kuɗin ɗan jiha ba, jihohin kudu suna da shirin da ke ba ɗalibi farashin ɗan gida idan fannin da yake nema babu shi a jami'o'in jiharsa, Minisota da Wiskonsin kuma suna da tsohuwar yarjejeniya a tsakaninsu. Sai dai ba kowace jami'a ko kowane fanni ne ke cikin waɗannan shirye-shirye ba, wasu ba sa ba mai sauya makaranta, kuma a wurare da yawa lokacin da aka yi ana cin wannan rangwame ba ya shiga lissafin neman zama ɗan jiha. Yana da kyau kuma a gwada jami'a mai zaman kanta, domin bayan an cire tallafin da take bayarwa tana iya fin jami'ar gwamnati ta wata jiha araha.

Mataki na uku shi ne a nemi sabuwar jami'a ta tantance kiredit a rubuce kafin a biya kuɗin kama gurbi, kuma tambayar da za a yi ita ce nawa ne za su shiga cikin buƙatun fannin da ake karantawa, domin darasin da aka karɓa a matsayin na zaɓi kawai ba lallai ne ya rage tsawon karatu ba. Ɗalibi ya adana manhajar kowane darasi da ya yi, saboda da ita ake ɗaukaka ƙara idan an ƙi wani, ya kuma sani yawancin jami'o'i ba sa karɓar sakamakon da ya gaza C, suna iyakance abin da ake kawowa daga kwalejin shekara biyu zuwa tsakanin kiredit 60 da 70, suna kuma neman a yi aƙalla 30 a wurinsu. Wanda ya fito daga makarantar da ke raba shekara zuwa zango-zango gajeru ya tuna kiredit ɗinta kashi biyu cikin uku ne na kiredit ɗin simesta. Mai cin tallafin gwamnatin tarayya na Pell ya sani tallafin yana bin sa duk inda ya je, amma iyakarsa simesta 12 ce, kuma duk darasin da aka maimaita daga cikinta ake cirewa.

Mai bizar F-1 yana da ƙarin aiki, domin sai jami'in kula da ɗaliban ƙasashen waje na tsohuwar makaranta ya saki bayanansa a tsarin SEVIS zuwa sabuwar, ita kuma ta ba shi sabuwar takardar I-20, sannan ya fara karatu cikin wata biyar, kuma izinin aikin da tsohuwar makaranta ta ba shi yana ƙarewa ranar da aka saki bayanan. Kada kowa ya janye daga makarantarsa kafin takardar karɓa da lissafin kuɗi da lissafin kiredit su zo hannunsa, ya kuma biya duk bashin da ake bin sa don kada a riƙe masa takardar sakamako. Iyaye kuwa, da masu faɗa a ji a ƙungiyoyin 'yan gida da masallatai, wajibinsu ne su daina ba da fatawa a kan dokar da ba su karanta ba. Wanda yaro ya zo wa da wannan tambaya, iyakar taimakon da zai yi masa ita ce ya zauna tare da shi su rubuta wa jami'ar, su jira amsa kafin a sayi tikitin jirgi.