Yadda Ake Gane Asalin Tsohon Injin Mota Daga Lambobin Jikinsa

A kasuwannin kayan gyaran mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, kowane tsohon inji yana da laƙabin da mai shago ya raɗa masa: wannan ɗan Beljiyam ne, wancan ɗan Japan. Sai dai laƙabin Beljiyam, alal misali, tashar jiragen ruwa ta Antwerp yake nunawa, inda ake lodin tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. Bai faɗi inda aka ƙera injin ba, balle motar da aka cire shi daga cikinta. Ma'aikacin da ya tara albashin watanni ko ɗan kasuwar da motarsa ce jarinsa yana bukatar shaidar da ta fi maganar baki, kuma shaidar tana jikin ƙarfen.

Rubutu iri biyu ake samu a jikin bulok, wato gangar jikin inji. Na farko shi ne wanda ya taso sama, domin tare da shi aka zuba narkakken ƙarfen. Wannan lambar zubi ce, injuna dubbai suna iya ɗauke da irinta, wani lokaci kuma da ranar zubin a gefenta. Na biyu shi ne wanda aka buga ya nutse a kan wani ɗan fili mai santsi, galibi kusa da mahaɗar inji da giya. Wannan ita ce lambar inji, kuma ita ake rubutawa a takardun mota. Idan baƙin mai ya rufe ta, a wanke da kananzir da buroshi, a goga alli, sannan a haska tocila daga gefe.

Kowane kamfani da tsarinsa. Honda tana farawa da harafin dangin injin, sai lambobi biyu masu nuna girmansa: F22 lita 2.2 ne, K24 kuma lita 2.4. Injunan da aka yi wa kasuwar cikin gida ta Japan yawanci a harafi suke tsayawa, kamar K24A, alhali na ƙasashen waje suna da ƙarin lamba. K24A4 shi ne na Accord ɗin Amurka ta 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD a Najeriya. Ita kuwa Toyota lamba take sawa a gaba, sai harafin dangi: 5S shi ne injin Camry mai lita 2.2 na shekarun 1990, 2AZ kuma mai lita 2.4 da ya gaje shi.

Tsofaffin Marsandi sun fi bayani dalla-dalla. Lambobi uku na farko su ne nau'in injin, kamar 102 na fetur ko 616 na dizal. Bayan lambobi shida na farko akwai wasu biyu: 10 na nufin sitiyarin hagu da giyar hannu, 12 sitiyarin hagu da otomatik, 20 da 22 kuma na sitiyarin dama. Tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, injin da ke ɗauke da 22 ya fito ne daga motar ƙasa irin Ingila. A Peugeot 504, wadda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana haɗawa, XN1 shi ne injin fetur mai lita biyu da kabureta, XD2 kuma na dizal.

Akwai abubuwa biyu da ke ruɗar mai saye. Na ɗaya, sunan kamfani ba ya nuna ƙasa, domin Honda tana ƙera injuna a jihar Ohio, Toyota kuma a Kentucky, duk a Amurka. Na biyu, tambarin Denso ko Bosch da ke jikin alteneta ko sitata ba hujja ba ce, tunda makanike zai iya canja su cikin rabin awa. Muhimmancin sanin asali kuwa a bayyane yake: injin da aka yi wa wata kasuwa yakan zo da wayoyi da na'urori dabam, sai a ɗora shi ya ƙi jituwa da ƙwaƙwalwar motar, kuɗin gyara ya ninka.

Haɗari mafi girma shi ne lambar da aka taɓa. Idan filin ya yi rami, ko an ga sawun gurza, ko lambobin sun karkace kuma zurfinsu ya bambanta, to a haƙura da injin komai arharsa, domin wanda aka kama da kayan sata shi zai amsa tambayar 'yan sanda. Idan kuwa komai ya daidaita, a sa mai shago ya rubuta cikakkiyar lambar a kan rasit mai sunan shagonsa, sannan a kai wa ofishin rajistar motoci a sabunta takardu kafin motar ta hau babban titi.