Sankarar ƙarshen hanji: wa ya kamata ya yi tiyatar?

A ƙarshen babban hanji akwai ɓangaren da bahaya ke taruwa kafin ya fita ta dubura. Idan sankara ta kama wurin, makomar majinyaci ta dogara ƙwarai da hannun da ya yi masa tiyata. Wurin matsattse ne a can cikin ƙugu, dab da mafitsara da jijiyoyin da ke kula da fitsari da mazakuta. Kafin shekarun 1980, a asibitoci da yawa ciwon kan dawo inda aka yanke shi ga mutum ɗaya cikin huɗu, ana kuma ɗora laifin kan muguntar cutar.

A 1982 likita Bill Heald na garin Basingstoke a Ingila ya nuna cewa babban laifin na salon yankan ne. Wannan hanji lulluɓe yake da kitse mai ɗauke da kaluluwa, kitsen kuma yana cikin wani siririn tantani kamar jaka, kuma nan ciwon ke fara yaɗuwa. A da likitoci kan cusa hannu su ɓamɓare hanjin, jakar ta yage, ɓurɓushin ciwo ya rage a ƙugu. Heald kuwa yakan bi gefen tantanin da almakashi sannu a hankali, idonsa a kai, har ya fitar da jakar ɗungurungum ba huji. A hannunsa dawowar ciwon ta sauko zuwa kusan 5 cikin 100.

Wasu sun ce baiwar mutum ɗaya ce, ba a koyar da ita. Birnin Stockholm na Suwidin ya ba su amsa. A 1994 aka fara horar da likitocin birnin wannan salo, kuma sakamakon da aka wallafa a 2000 ya nuna dawowar ciwo cikin shekara biyu ta faɗo daga kusan 15 zuwa 6 cikin 100. Waɗanda aka cire wa dubura, suke rayuwa da jakar bahaya manne a fatar cikinsu, sun ragu daga fiye da rabi zuwa kusan kwata. Cutar ba ta sauya ba, hannuwan ne suka ƙware.

Ƙorafin da ya fi nauyi a kan barin aikin ga ƙwararru shi ne nisa. Tattara aikin a hannun ƙwararru ƙalilan zai tilasta wa talaka doguwar tafiya da kashe kuɗi, kuma gaskiya ne. Amma tiyatar farko ita ce damar da ba ta maimaituwa, domin ciwon da ya dawo a ƙugu da wuya ya ciru, ga azabar da yake zuwa da ita. Kuɗin mota bai kai wannan asara ba. A ƙasar Hausa, inda ake yawan ɗaukar jini a bahaya a matsayin basir har lokaci ya ƙure, wanda aka gano ciwonsa yana da haƙƙin ya tambayi likita kai tsaye: irin wannan aiki nawa kuke yi a shekara?