An gayyace ki shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska? Karanta wannan kafin ki ce a'a

Uwargida, a ce kin kai ziyara Legas da yara lokacin hutu, sai aminan maigida suka ce ranar Asabar za su fita da ku teku a jirginsu, irin wanda iska ke turawa. Maigida ya amsa, yara sun kama tsalle, ke kuwa gabanki ya faɗi.

Ba a ga laifinki ba. Duk wadda ta ji labarin kifewar kwale-kwale a Bagwai ta jihar Kano a 2021, inda ɗaliban Islamiyya suka rasu, ko na Patigi a jihar Kwara a 2023, inda fiye da mutum 100 suka salwanta suna dawowa daga biki, dole ta ji tsoron ruwa. Amma abin da ya fi jawo irin waɗannan haɗurra shi ne lodi fiye da ƙima, tafiyar dare da rashin rigar kariya. Waɗannan kuwa abubuwa ne da za ki iya bincikawa tun ƙafarki tana kan tudu.

Tambayoyi uku kafin ki hau

Ki tambayi mai jirgin: mutum nawa jirgin ke ɗauka, mu nawa ne? Akwai rigar kariya ga kowa, har da daidai yara? Za mu dawo kafin magariba? Matuƙin da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar. Rigar yaro da nauyinsa ake zaɓenta, kuma tana da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu don kada ta zame ta kansa. Ta manya ba ta yi wa yaro. In babu tasa, a fasa tafiyar, ko da za a ji haushinki.

Me ya sa jirgin ke karkacewa?

Nan ne baƙo ya fi firgita. Da zarar an ɗaga ƙyallen nan mai faɗi iska ta cika shi, sai jirgin ya kwanta gefe guda. Haka aka ƙera shi. Manyan jiragen da ke da ɗaki a ciki suna da ƙarfe ko dalma mai nauyin gaske a ƙarƙashinsu, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka, shi ke dawo da shi daidai. Gudunsa ma bai cika wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa ba. In karkacewar ta dame ki, ki faɗa, za a iya rage ƙyallen.

Abin da ya fi karkacewa haɗari shi ne doguwar sandar da ke riƙe da ƙasan ƙyallen. Idan za a juya jirgin, takan yi lilo daga wannan gefe zuwa wancan daidai tsayin kai. Da matuƙi ya yi magana, ki sunkuya, ki sunkuyar da yaran. Duk motsin da za ki yi, hannu ɗaya ya kasance riƙe da wani abu mai ƙarfi.

Jiri da tashin zuciya

Cikin kunnenki yana jin motsi, idonki kuma yana ganin ɗaki a tsaye, wannan saɓanin ne ke kawo jiri. Don haka kada ki shige ciki, kada ki duƙufa kan waya. Ki zauna waje inda iska ke kaɗawa, ki zuba ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Ki ci abu marar maiƙo kafin fita, kada ki fita da yunwa. Citta tana taimaka wa mutane da yawa. Maganin jirin tafiya ana shansa tun kafin a hau, yakan sa barci, kuma mai juna biyu da ƙananan yara sai da shawarar likita.

Sutura da kaya

Dogon mayafi da zani suna iya sarƙewa a igiyoyi. Ki sa wando a ƙarƙashin riga, da hijabi madaidaici wanda rigar kariya za ta danne. Takalmi ya zama mai ƙasan roba, ban da mai tsini. Ki riƙo ruwan sha da hular rana ga yara, ki sa waya a leda. Banɗakin jirgi bututunsa siriri ne, ki nemi a nuna miki yadda ake amfani da shi, kuma kada ki jefa famfas ko audugar mata a ciki.

In wani ya faɗa ruwa

Ki yi ihu, ki jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ki nuna shi da hannu ba tare da ɗauke ido ba har matuƙi ya juyo. Kada ki yi tsalle ki bi shi, ko da ɗanki ne, domin sai aikin ceto ya zama biyu. Rigar da kika ɗaura masa da kanki ita za ta riƙe shi.

A karon farko ki roƙa a taƙaita, awa ɗaya ko biyu cikin ruwan tashar Legas zuwa wajen Tarkwa Bay sun isa. Idan kin taɓa hawa, ki ba mu labarin yadda kika ji a ƙasa, ko wata 'yar'uwa ta samu ƙarfin gwiwa.