Tsadar Rayuwa Tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar: Bayani Ga Masu Tafiya Ci-Rani da Iyalansu

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar an kammala aikin gona an kai amfani rumbu, jama'a da dama daga Kakau da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Chikun kan fara shirin fita neman na kansu. Wasu kan tsaya a cikin garin Kaduna, wasu su bi hanyar Abuja, wasu kuma su nufi arewa ta Zariya da Funtuwa da Katsina, su ƙetare iyaka a Jibiya su shiga Maraɗi. Haka kuma akwai 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar da suka daɗe suna zuwa Jihar Kaduna suna sana'ar garuwa da gadi da shayi da kiwo da ƙananan kasuwanci. Tambayar da kowannensu kan yi kafin ya ɗaura kayansa ita ce: a ina rayuwa ta fi sauƙi?

Wannan bayani an shirya shi ne domin taimaka wa magidanta da matasa, da kuma hakimai da dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi waɗanda jama'a kan nemi shawararsu. Abin da ake son a fahimta shi ne, jin farashin buhun hatsi a wata ƙasa da juya shi zuwa naira bai isa a yanke hukunci ba. Ma'aunin gaskiya shi ne yawan abincin da aikin yini guda zai saya, da kuma abin da zai rage a hannu bayan an biya haya da mota da magani.

Bambancin kuɗi da yadda ake ƙirga su

Kuɗin Nijar shi ne sefa, wanda ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma ke amfani da shi. Tun daga ranar 1 ga Janairun 1999 an ɗaure darajarsa da kuɗin yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, saboda haka ba ya hawa ko sauka sai yadda yuro ya yi. Naira kuwa kasuwa ce ke yanke mata daraja, musamman tun watan Yunin 2023 lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe hanyoyin canji wuri guda. Kafin wannan mataki ana sayar da dalar Amurka a farashin gwamnati a kan kimanin naira 460, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500.

Sakamakon haka ya bayyana a kasuwannin kan iyaka. A farkon 2023 sefa 1,000 takan kama kimanin naira 1,200 a hannun 'yan canji, amma a cikin 2024 ta kai kimanin naira 2,500. Ma'ana, wanda ya aika gida da naira 100,000 a farkon 2023 iyalinsa sun karɓi kusan sefa 80,000, a 2024 kuwa wannan adadi bai wuce sefa 40,000 ba. Farashin canji yana sauyawa, don haka wajibi ne a tambayi na ranar kafin a yi kowane lissafi.

Akwai kuma bambancin ƙirga da kan rikita baƙo. A kasuwannin Nijar da dala ake ciniki, kuma dala ɗaya tana nufin sefa 5. Idan mai kaya ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari kuwa sefa 500 ce. Jika guda a can sefa 1,000 ce, alhali a wajen dattawanmu na Nijeriya jaka guda naira 200 ce. Wanda bai san wannan ba zai iya ɗaukar abu mai tsada a matsayin mai araha tun kafin ya sa hannu a aljihu.

Bambancin ma'auni

A kasuwannin Kaduna, kamar ta Sabon Tasha da ta Litinin da ke Kakuri da ta Kawo da Babbar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da mudu aka saba awo. A Maraɗi da Damagaram kuwa tiya ce ma'auni, kuma tiyar gero takan kai kimanin kilo biyu da rabi, yadda buhu mai kilo 100 kan ɗauki kusan tiya 40. Mudun Kaduna bai kai tiya girma ba, sannan shi kansa mudun yakan bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan. Saboda haka duk wanda aka faɗa wa farashin tiya a waya kada ya kwatanta shi da na mudu kai tsaye. Hanya mafi inganci ita ce a mayar da kowane ma'auni zuwa kilo, sannan a kwatanta.

Abin da ya fi araha a nan, da abin da ya fi araha a can

Yanayin ƙasa ne tushen bambancin farashin cefane. Yankin Kaduna kan samu ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, na Maraɗi kuwa kimanin rabin haka. Wannan ya sa masara da dawa da doya da rogo da dankali suke wadace a nan, kuma kasuwannin Saminaka da Giwa da Soba da Anchau suke ciyar da jihohi da dama. Manja da garin rogo da ayaba da lemo daga kudancin Nijeriya suke tasowa, don haka kafin su isa Maraɗi sun ɗauki kuɗin mota da na kan iyaka. Haka abin yake ga kayan masana'antu da yawa irin su sabulu da robobi da taliya, waɗanda ake ɗauka daga Kano.

A ɗaya ɓangaren, Nijar ƙasar kiwo ce. Shanu da raguna da awaki da raƙuma daga can suke kwararowa zuwa kasuwannin Maigatari da Illela da Mai'aduwa, kuma albasar Galmi da wake da aya da riɗi sun yi suna a Afirka ta Yamma. Gero shi ne babban abincin jama'a, ana yin fura da tuwo da shi kullum. Magidancin da iyalinsa suka saba da tuwon masara da doya da miyar manja zai ga cefanensa ya yi nauyi a Maraɗi in ya ce sai abincin gida, wanda kuwa ya rungumi gero da nono da wake zai samu sauƙi.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. A ƙasashen biyu hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kuma ya fi tsada a tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A Nijar wannan tazara takan fi faɗi a shekarar da damina ta gaza, kamar yadda aka gani a 2005 lokacin da ƙarancin abinci ya addabi jihohin Maraɗi da Damagaram, hatsi yana nan a kasuwa amma ya fi ƙarfin talaka. Farashin da mutum ya ji a watan Nuwamba ba shi ne zai tarar a watan Yuli ba.

Matakan hukuma da suka taɓa farashi

Kasuwannin ƙasashen biyu a haɗe suke, musamman ta Kasuwar Dawanau da ke Kano, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka yakan taɓa tukunya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sanya wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka, aka kuma yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba ta. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris na wannan shekara. A watan Oktoban 2024 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso.

A gida Nijeriya, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kuɗin dakon kaya ya bi sahu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a watan Yunin 2024. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa 70,000, Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta amince da naira 72,000 ga ma'aikatanta a ƙarshen shekarar. A Nijar, wadda ke da matatar mai a Damagaram tun 2011, gwamnati ce ke ƙayyade farashin fetur, kuma a watan Yulin 2024 ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499. Man sumoga mai araha da 'yan ruwa-ruwa suka saba sayarwa a bakin titi ya ragu ƙwarai tun bayan cire tallafi a Nijeriya.

Kuɗaɗen da ba na cefane ba

Mutumin Kakau da ke zaune a gidan gado, yana da 'yar gona da akuya biyu a bayan gida, yana cin abubuwa da yawa da ba ya biyan kuɗinsu, kuma sau da yawa ba ya sa su a lissafi. Ranar da ya zama baƙo a wata ƙasa, itace da ruwa da kayan miya da wurin kwana duk sai da kuɗi. A Kaduna an saba biyan haya ta shekara, a biranen Nijar kuwa ta wata-wata aka fi yi, wadda ke da sauƙin shiga amma tana buƙatar samu marar yankewa.

Ga mai tafiya da iyali, akwai batun makaranta. Karatun boko a Nijar ya ginu ne a kan Faransanci, duk da cewa a watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron da ya fara firamare da Turanci zai iya komawa baya da aji ɗaya ko biyu. Akwai kuma kuɗin magani, da kuɗin motar zuwa gida a lokacin salla ko rasuwa, da ladan masu aika kuɗi, da abin da ɗan canji kan cire tsakanin saye da sayarwa.

Batun takardu shi ma ya sauya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, amma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a watan ne ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi. Saboda haka ana shawartar kowa ya tuntuɓi ofishin Hukumar Shige da Fice da ke Kaduna kafin ya tashi, ya kuma riƙe fasfo ko takardar tafiya da katin rigakafin cutar shawara.

Yadda za a yi lissafi

Ga misali domin koyon hanyar, kuma kowa ya maye gurbin lambobin da farashin ranar da yake lissafi. A ɗauka lebura a Kakau yana samun naira 5,000 a yini, kilon gero kuma naira 500 ne. Aikinsa na yini ya saya masa kilo 10 ke nan. A ɗauka takwaransa a Maraɗi yana samun sefa 2,500, tiyar gero kuma sefa 750 ce, wato sefa 300 kowane kilo. Idan sefa 1,000 tana kan naira 2,500, ladan na Maraɗi ya kama naira 6,250, wanda a kunne ya fi na Kakau. Amma geron da zai saya da shi bai kai kilo takwas da rabi ba. Wanda ya fi yawan kuɗi shi ne ya koma gida da ƙarancin abinci.

Daga nan za a gane cewa amsar ta danganta da inda mutum ke samu da inda yake kashewa. Wanda ke samun sefa yana aikowa iyalinsa a Kaduna ya amfana da faɗuwar naira, muddin ya taƙaita abin da yake ci a can. Ɗan Nijar da ke samun naira a Kaduna yana aikawa gida shi ne ya fi jin jiki, domin guminsa ɗaya ne amma saƙonsa ya ragu da kusan rabi tsakanin 2023 da 2024. Wanda kuwa ya kwashe iyalinsa gaba ɗaya ya koma, canjin kuɗi bai ƙara masa komai ba, tunda a kasuwar can zai ci ya sha.

Kira ga jama'a da shugabanni

Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin magidanci ya sayar da saniya ko ya jinginar da gona domin kuɗin mota, ya kamata ya rubuta abubuwa biyar: ladan aikin da ya tabbatar zai samu, farashin abincin iyalinsa a kilo, kuɗin haya da ruwa da wuta, kuɗin zuwa da dawowa, da kuma farashin canji na ranar. Ya nemi waɗannan bayanai daga bakin wanda ke zaune a can yanzu, ba daga wanda ya dawo shekara uku da suka wuce ba.

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin majami'u su isar da wannan bayani a tarukan jama'a, musamman a watannin kaka da matasa ke shirin tafiya. Haka kuma ana kira ga jami'an yaɗa labarai da malaman gona na ƙananan hukumomi su riƙa tattara farashin mudu da buhu a kasuwannin yankunansu kowane mako, su manna a sakatariya da fadar hakimi, domin duk mai son yin lissafi ya samu abin da zai dogara da shi. Baƙinmu 'yan Nijar da ke zaune a unguwanni su ma a sa su cikin wannan faɗakarwa, domin kasuwa ɗaya muke ci da su.